Wankan Malam Usaini

Karo na biyar ke nan tun safe da Kamilu ya baro injinsa ya faɗa banɗakin ma'aikata. Ya danna sakata, ya tattare ƙafar wando, ya zaro 'yar wayarsa daga cikin safa. Babu komai. Ko filashin babu wanda ya yi masa. Alhali kuwa zai iya dafa Alƙur'ani ya rantse ya ji ta tana ɓari a idon sawunsa.

"Kamilu!" Muryar Sagir ce, mai kula da masu aikin safe, yana dukan ƙofa da tafin hannu. "Wai gudawa kake yi ne? Bokitai sun taru a bakin inji, wa ka bar wa?"

"Ga ni nan, oga."

Ya mayar da wayar, ya kwarara ruwa a ƙasa don a ji kamar ya yi wani abu, ya fito. A kamfanin robar nan na Sharaɗa doka ce, kowa ya ajiye wayarsa wurin maigadi kafin ya shiga. Wanda aka kama da ita sau ɗaya a ba shi takardar gargaɗi, na biyu kuwa a nuna masa ƙofa. Kwana goma sha ɗaya ke nan Kamilu yana shigo da tasa a safa, tun ranar da maƙwabcinsa Malam Usaini ya daina karɓar abinci.

Sagir ya kalle shi daga sama har ƙasa. "In ka sake barin injin nan kafin Azahar, kada ka dawo kansa. Ka wuce ofis kawai."

Kamilu ya koma ya ɗauki wuƙarsa. Aikin ba wuya sai naci: inji ya buɗe baki ya tofo bokiti da zafinsa, ka kankare gefen, ka maƙala mariƙi, ka jera, kafin ka ɗago wani ya faɗo. Ƙasar wurin kuma rawa take yi daga safe har yamma, to ta yaya mutum zai bambance ɓarin waya da ɓarin siminti? Abin da ya hana shi sukuni ke nan.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da na Malam Usaini a Panshekara. Dattijon ya yi shekara ashirin da takwas yana tantance fata a wani kamfanin jima a Challawa. Zai ɗaga fatar akuya ya haska ta a rana, ya shafa da tafin hannu, inda kaska ta ciza ko wuƙar mahauci ta zame ya ɗiga alama da alli, sannan ya jefa ta inda ta dace, lamba ɗaya ko biyu ko uku. Mutum ne ƙaƙƙarfa, mai faɗin ƙirji, wanda a da shi kaɗai yake kayar da sa ranar Layya.

Abin ya faro masa da wahalar fitsari. Ya sha jiƙe-jiƙe har ya gaji, sai da ciwon baya ya hana shi ruku'u sannan ya yarda aka je asibiti. Likita ya ce ciwon daji ne a wani ƙululu da ke ƙasan mafitsarar maza, kuma ya riga ya taɓa ƙashi. Ya ce magani biyu za a haɗa masa. Na farko allura duk wata uku, wadda take yanke sinadarin mazantaka a jiki, don da shi ciwon yake ƙiba. Na biyu gashi da na'ura, wadda ake saita ta daidai inda ciwon yake, ba a gasa ko'ina ba.

"Ka gane ko?" in ji Malam Usaini a lokacin, yana yi wa Kamilu bayani a adaidaita sahu. "Allura ta sa shi yunwa, inji kuma ya bi shi har inda ya ɓuya ya ƙone shi. Wallahi likitan nan da mafarauci ya zama."

Kamilu ya raka shi gashin sau da yawa a ranakun hutunsa. Sai an sa dattijo ya ɗirki ruwa ya riƙe fitsari kafin a shiga da shi, shi da fitsarin ne ya kawo shi, ka ji aiki! Don kada saiti ya kuɓuce, aka yi masa ɗige-ɗigen tawada a ƙugu, irin waɗanda ba sa wankuwa, daga baya aka ƙara ɗaya a haƙarƙari da ciwon ya leƙa can. Ya fito yana dariya yana cewa, "Yau ni ma an tantance ni. Sai dai ba su gaya mini lambata ba."

Kuma magani ya yi aiki, kada a ci amanarsa. Mutumin da aka ɗauko ranga-ranga ya miƙe, ya koma sahun gaba a masallaci, ya aurar da 'yarsa Zahra, har ya ga jikansa. Shekara biyu da rabi ya samu. Amma allurar nan ba ta bar shi haka ba. Zufa takan keto masa ba gaira ba dalili har ta jiƙa riga, gashin hannunsa ya zube, abu kaɗan sai ka ga hawaye. Sannan ya tsiro da sa kwat. Wata tsohuwar kwat mai kauri, ruwan toka, a kan kaftani, maɓalli a rufe har sama, a cikin zafin Kano.

Wa zai ga wannan ya yi shiru? Ba dai Malam Ɗan'auta ba. Tsohon tela ne, shi ke wanke mamatan unguwar shekara talatin, kuma bakinsa ba ya hutawa a majalisar gindin dalbejiya. Da ya hango kwat sai ya miƙe ya sara.

"Ranka ya daɗe, Gwamna! Yau a Landan za a yi Azahar ne?"

Jama'a su kwashe da dariya, Malam Usaini ya yi murmushi ya wuce yana sharce gumi da ɗan tawul.

Da ciwon ya daina jin allura, ya dawo da ƙarfinsa, sai wata Juma'a bayan La'asar ya aika matarsa Sauda ta kira Kamilu. Ya ce ta ja musu ƙofa. Ya ɓalle kwat ɗin da ƙyar, ya ɗaga riga da singileti. Kamilu ya kalla sau ɗaya ya sunkuyar da kai. Ƙirjin nan da ya sani ya tafi. Nono ne sosai, irin na mace.

"Ka gani?"

"Na gani, Malam."

"Likita ya gaya mini tun farko zai iya faruwa. Na ce a yi, rai ya fi. Ban yi da-na-sani ba. Amma ban da Sauda da likita, kai ne na uku." Ya sauke rigar. "Kai nake so ka wanke ni."

"Ni? Malam, wallahi ban taɓa ko riƙe wa mai wanka buta ba."

"Ka koya. Ba na son Ɗan'auta ya gan ni. In ya gani, kafin a dawo daga maƙabarta an ji a Zawaciki. Ba na son Yaya Sanusi ya gan ni. Ina da surukai, ina da jika. Kada a riƙa tuna ni da wannan."

"Allah ya ba ku lafiya, ku daina irin wannan maganar."

"Kamilu, ba addu'a na kira ka ka yi mini ba. Ka yi alkawari."

Ya yi. Ya je wurin liman ya yi tambaya kamar don neman ilimi kawai, ya sayi ɗan littafi a bakin masallacin Juma'a, ya haddace. Har matarsa Bara'atu ta taɓa kama shi a tsakar gida ya kwantar da matashin kai a kan benci yana yi masa alwala. Ta tsaya riƙe da tsintsiya ta ce, "Baban Hanif, lafiya kuwa?" Ya ce lafiya lau, ta shiga ɗaki. Abin da bai iya yi wa dabara ba shi ne lokaci. A garin nan in mutum ya cika da safe, kafin La'asar ya kwanta a makwancinsa, ba a jiran kowa. Shi kuma awa takwas yake yi a gaban inji. Shi ya sa suka shirya da Sauda, ko me ake ciki ta kira shi.

To yau ga gargaɗin Sagir. Kamilu ya cije. Ƙarfe tara da rabi ƙafarsa ta yi zirr, ya ce a ransa, ƙarya kike, yau ba za ki tashe ni ba. Ta sake, ya taka ta da ɗaya ƙafar. Ya kankare bokiti, ya maƙala mariƙi, ya jera. Ja, shuɗi, ja, shuɗi. Sau biyu wuƙa tana shafar yatsansa. Ya duba agogon bango ya fi sau hamsin, kuma duk dubawa sai ya ga kamar an ɗaure hannun agogon.

Sha biyu saura kwata aka ɗauke wuta. Injina suka yi ajiyar zuciya ɗaya bayan ɗaya, wurin ya yi tsit kafin a tayar da janareta. A cikin shirun nan ne kowa ya ji: zzz, zzz, daga cikin takalmin Kamilu. Siminti ba ya rawa. Wayar ce.

Ya zaro ta a gaban Sagir da kowa. Kiran Sauda goma sha bakwai, ga wani yana shigowa. Ya danna.

"Baban Hanif, ina ka shiga?" Bara'atu ce, muryarta a dashe. "Malam ya cika tun tara da rabi. Alhaji Sanusi ya ce ana idar da Azahar za a kai shi. An kira Malam Ɗan'auta, ya zo da kayansa."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An fara?"

"Ban sani ba, ni dai ina jin hayaniya a gidan. Ka taho!"

Sagir ya miƙo hannu. "Waya ce wannan nake gani?"

"Ita ce, oga. Rasuwa aka yi mini."

"Allah ya jiƙan rai. Mahaifinka?"

"Maƙwabcina."

"Maƙwabci? Saura awa biyu a tashi, ka bari mana ka same su a maƙabarta. In ka fita yanzu, ga waya ga barin aiki, ni ba abin da zan iya ce musu a ofis."

Kamilu ya cire safar hannu ya ɗora a kan inji, ya ajiye wuƙa a kai. Ya danne kukan da ya taso masa. Ya bi ta gaban maigadi da kayan aiki a jikinsa.

Adaidaitar da ya samu sai da ta tsaya ɗaukar wata mata da buhun barkono, ta kuma tsaya sauke ta. Kamilu yana ta buga ƙafa yana cewa, "Malam, don girman Allah." Ya kira Sauda, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira, shiru. Zuciyarsa ta riƙa zana masa abin: an ɗaga rigar, Ɗan'auta ya zaro ido, Alhaji Sanusi ya yi salati. Tun tara da rabi! Yana tsaye yana taka wayar da ƙafa, baiwar Allah tana can tana kira. Ya ji ya tsani kansa, ya tsani bokiti, ya tsani Sagir da bai yi masa laifin komai ba.

Kusa da kwanar Challawa suka tarar wata tirela ta gitta titi, ta zo juyawa ta mutu. Motoci sun yi cirko-cirko, warin ruwan jima ya cika wurin, direbobi sai zage-zage suke yi. Kamilu ya dire. Da takalmin aiki mai nauyi ya kama gudu a gefen kwata, mutum mai shekara arba'in da uku, rabonsa da gudu tun yana makaranta. Rana ta dake shi a ƙeya, numfashinsa ya koma kamar na rago.

A ƙofar gidan an shimfiɗa tabarmi, makara tana jingine da katanga. Bai tsaya gaisawa ba, ya kutsa. A tsakar gida ya ga bokitai uku cike da ruwa, ga ganyen magarya a kwano, ga likkafani a ninke. Ruwan bai ragu ba. Malam Ɗan'auta yana zaune a kan benci ya haɗe rai. Alhaji Sanusi, yayan mamacin, wanda ya zo daga Ringim kwana biyu da suka wuce, yana tsaye a ƙofar ɗaki yana bugawa.

"Sauda, ki ji tsoron Allah! Awa uku kin kulle kanki da gawa. Wane irin abu ne wannan? So kike a ce mun bar ɗan'uwanmu ya kumbura?"

"Yaya, ku yi haƙuri," in ji murya daga ciki, a gajiye amma ba rawa. "Wasiyya ya bari. Kamilu ne zai wanke shi."

"Wane ne kuma Kamilu? Ɗan'uwansa ne? Malami ne?"

"Ni ne, Alhaji," in ji Kamilu, yana haki, ya durƙusa. "Ku gafarce ni, a wurin aiki nake."

Alhaji Sanusi ya dubi rigar kamfani da takalmin da ya sha kwata. "Kai? Ka taɓa yi?"

"Ban taɓa ba."

"To ka ji! Ga wanda ya shekara talatin yana yi an bar shi zaune kamar ɗan maula."

Kowa ya juya wurin Malam Ɗan'auta, ana jiran ya zazzage. Shi kuwa ƙofar yake kallo. Can ya ce, "Alhaji, in wasiyya ce magana ta ƙare. A ba shi ruwa."

Sakata ta yi ƙara. Sauda ta fito, idanunta sun kumbura, wayarta a hannu. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ka zo?" Ya ce, "Na zo, Maman Zahra." Ta wuce wurin mata.

Ya wanke hannu, ya shigar da bokitai da benci, ya rufe ƙofa. Sauda ta riga ta naɗe ledar ɗakin. Malam Usaini yana kan katifa a ƙasa, an lulluɓe shi da zane, kwat ɗin a shimfiɗe a kan ƙirjinsa. Kamilu ya sa hannu zai ɗaga shi zuwa benci, sai ya ji abin da matashin kai bai koya masa ba. Nauyi. Ya gwada ta kafaɗa, ƙafafu suka ja ƙasa. Ya gwada ta tsakiya, kan ya langaɓe. Ya mayar da shi a hankali. Kuma duk abin da ya haddace ya gudu. Dama ake farawa ko alwala? Magarya a wanka na nawa? Ya tsaya riƙe da buta, ruwa na zuba a kan takalminsa, ga ladan can ya fara gwada lasifika.

Aka ƙwanƙwasa a hankali.

"Kamilu." Malam Ɗan'auta ne, ya kawo bakinsa jikin ƙofa. "Ba a yin sa mutum ɗaya."

"Malam, ya ce..."

"Na san abin da ya ce. Buɗe, ka gani."

Ya buɗe kaɗan. Tsohon ya naɗe idanunsa da hiramin da yake ratayawa a kafaɗa, ya ƙulle tam a ƙeya. Ya miƙo hannu yana lalube.

"Kai ni wajen ƙafafu. Ni ƙafa, kai kafaɗa. Ba zan wuce gwiwa ba."

Suka ɗora shi a kan benci. Malam Ɗan'auta ya lalubi bango, ya zauna a ƙasa ya ba gawar baya, ya jawo bokiti kusa da shi. Yana cika buta yana miƙowa ta bayansa.

"Rufe daga cibiya zuwa gwiwa. Ka rufe? Naɗe tsumma a hannunka. Danna cikin a hankali, kada ka matsa, yana jin ciwo kamar mai rai. Yawwa. Yanzu alwala, kamar yadda kake yi wa kanka."

Kamilu ya bi.  Ya ɗauke kwat ɗin ya ajiye gefe, ya wanke kai da gemu, ya juyo shi ya wanke dama, ya wanke hagu. Ɗakin babu abin da ake ji sai zubar ruwa da muryar tsoho.

"Shekara biyu," in ji Malam Ɗan'auta ga bango, ba tare da an tambaye shi ba. "Shekara biyu ina sara wa mutum ina ce masa Gwamna. Ban taɓa cewa me ya sa bawan Allah yake sa kwat a Afrilu ba. Sai yau da aka rufe mini ƙofa." Ya ja hanci. "Kada ka gaya mini. Ba na so in sani. Karɓi, wannan da magarya."

A wanka na uku, mai kafur, Kamilu ya ga ɗigon nan a haƙarƙari, shuɗi-shuɗi, bai kai ƙwayar gero ba. Ya sa yatsa ya goga kafin ya tuna ba ya fita. Nan kukan da ya riƙe tun daga Sharaɗa ya ƙwace masa. Tsohon bai ce ya yi shiru ba, ya dai riƙe butar har ya gama.

Sai da aka naɗe likkafani aka ɗaure, Kamilu ya ce an gama, sannan Malam Ɗan'auta ya kwance hiraminsa. Wurin idanun ya jiƙe. Suka buɗe ƙofa daidai ana tayar da iƙama.

A hanyar maƙabarta wani ɗan majalisar gindin dalbejiya ya matso kusa da tsohon ya rage murya. "Malam, an ce ciwon ya cinye shi ƙwarai ko? Yaya jikin?"

"Ban gani ba," in ji Malam Ɗan'auta, ya sa kafaɗa ya karɓi makara.

Da suka dawo, Kamilu ya shiga gidansa ya zauna a bakin rijiya ya cire takalmi. Safar ta yi masa shaida a idon sawu, daidai inda wayar ta yi kwana goma sha ɗaya. Bara'atu ta ajiye masa ruwa, ta tambaye shi ko gobe zai koma Sharaɗa, ya ce bai sani ba tukuna. Ta saman katanga yana hango igiyar shanyar gidan Malam Usaini. Wani ya wanke kwat ɗin ya shanya, maɓallanta a buɗe, ruwa yana ɗiga daga hannuwanta a kan siminti.